Kumburi Ne, Ba Ƙiba Ba

Kullum in an tashi daga asibiti, ma'aikata su nufi gida, ita kuwa Sista Hajaratu Sajo sai ta rataya abin awon jini ta shiga lungunan Turaki da Nukkai. Ungozoma ce, amma aikinta ba ya ƙarewa a yankan cibi. Duk matar da jininta ya hau ko ta yi jijjiga da ciki, sai ta bi ta har ɗaka, don ta san zuciyar irin waɗannan mata takan gaza bayan an sha suna an watse. Shekara talatin tana wannan yawo, bana ta yi ritaya.

A 1994 ta je gidan wasu Zazzagawa duba Fadila, wadda ta haihu da ƙyar. Surukarta Hajiya Uwani sai murna take. Wankan jego safe da yamma, kunun kanwa cikin ƙwarya, ga Fadila ta yi ɓul-ɓul.

"Kin ga jego ya karɓe ta," in ji Hajiya.

Sista ta danna yatsa a ƙafar Fadila. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa.

"Mama, wannan ruwa ne, ba ƙiba ba. Fadila, kina iya kwanciya ba haki?"

Fadila ta sunkuyar da kai. Kwana uku ke nan a zaune take barci, kunya ta hana ta faɗa.

Hajiya ta hau faɗa. Haihuwa tara ta yi da kanwa, wai yau za a koya mata jego! Sista ta janyo kujera ta zauna daram.

"Ni dai ba inda za ni, Mama. Danna da hannunki."

Hajiya ta danna. Ta daɗe tana kallon ramin yatsanta, sannan da kanta ta ɗauko wa Fadila mayafi. A asibiti likita ya ce zuciya ta fara kasawa, ya hana kanwa da gishiri, ya kwantar da ita mako uku. Yau Fadila ce ke raka jikarta makaranta.

Sista, ke ce mai nacin da ba ya jin kora. An zage ki, an rufe miki ƙofa, washegari kin dawo da abin awonki. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Ku kuma masu zuwa barka, in kun gama yaba jariri, ku juya ku tambayi uwar yadda take numfashi.