Yaya Garba da Kasuwar Gindin Ɗorawa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Garba mahauci. A farkon damina ya cika, a ɗakinsa da ke Djougou, bayan wata biyu yana fama da ciwon ƙirji. Ni ce ƙanwarsa Rakiya. Aure ya kai ni Parakou, muna zaune a wajen Gare, wato unguwar tasha, inda ƙugin manyan motoci ba ya yankewa. Duk shekara in lokacin nan ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye. Bana dai na daure.

Ba zan iya ba da labarinsa ba sai na haɗa da na wata 'yar kasuwa da ke bakin garinmu, kan hanyar da ta shigo daga Kolokondé. Gindin Ɗorawa muke ce mata. Manoma ke kawo doya da masara da dawa da kuɓewa, matan Fulani su zo da nono da wagashi, wato cukun da suke yi. Mu ba mu da gona. Kakanninmu fataken goro ne da suka sauka a Djougou ba su ƙara tashi ba, don haka duk abin da ya shiga tukunyar mahaifiyarmu daga hannun manoman nan ya fito. Ta san su da sunayensu, har da na 'ya'yansu.

Sannu a hankali kasuwar ta fara mutuwa. 'Yan sari suka koyi shiga ƙauyuka da kamyo, wato manyan motocin kaya, su kwashe doya tun daga bakin gona. Manomi ya huta da ɗauko kaya, ba wanda zai ga laifinsa. Matan unguwa suka koma babbar kasuwa, suna sayen doyar nan dai bayan ta bi ta hannu uku. Ana cikin haka tsohon da ke da filin ya rasu. Ɗansa Salifu ya dawo daga Cotonou, aka ji wani attajiri ya taya filin zai gina gidan mai.

Yaya Garba ya ɗauki mai unguwa da liman suka je wurinsa. Salifu ba mugun mutum ba ne. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Baba Garba, ranar kasuwar da ta wuce na je da kaina. Tsofaffi kaɗan na tarar, sai awaki. A kan wannan zan hana ƙannena gadonsu?"

Liman ya gaya mini Yaya bai musa ba, don ya san gaskiya aka faɗa masa. Sai ya ce, "Ka ba mu zuwa fitowar sabuwar doya. Ka zo ranar kasuwa a kan motonka, babur ɗin nan naka. In ka ratsa filin nan ba ka sauka ba, ka sayar, ni zan fara sa hannu a shaida." Salifu ya yi dariya ya amince.

Abin da Yaya ya yi bayan nan shi ya sa dangi suka ce ya zare. Yana da rumfa mai kyau a layin mahautan babbar kasuwa, wadda maigidansa na sana'a ya bar masa. Ya kwashe teburinsa da wuƙaƙensa ya kai Gindin Ɗorawa. Dalilinsa ɗaya ne: macen da ta zo sayen nama ba za ta koma gida ba kayan miya ba. Sarkin fawa ya kira shi ya yi masa faɗa. Matarsa Hajara ta yi kwana uku ba ta ce masa komai ba sai gaisuwa.

Makonnin farko kwantai ya yi ta yi. Naman da ya rage sai ya mai da shi kilishi, ya ba direbobi su kawo mini Parakou. Ya aiko, ya sake aikowa, har maigidana ya tambaye ni ko yayana ya bar fawa ya koma sadaka. Na kira shi a wayar maƙwabcinsa na ce, "Yaya, ka koma rumfarka tun ba a ba wani ba." Ya ce, "An riga an bayar, auta. Kilishin ya yi yaji?"

Ranakun da ba kasuwa yakan hau tsohon motonsa ya nufi Bariénou da Kolokondé, cikin taɓon damina, ya bi manoma har gona. Yarensu na Yom bai zauna a bakinsa ba, yana yi suna dariya, shi ma yana taya su. Bai ce su kori masu kamyo ba. Cewa ya yi su sayar musu, amma su rage ko kwando ɗaya su kawo gari. Wani dattijo ya tambaye shi, in an kawo wa zai saya? Ya ce shi. Kuma ya cika alkawari. Tsohuwar doya ta cika zaurensu har baƙo ba ya samun wurin zama.

Nan ne Hajara ta shigo maganar, kuma in za a yi adalci rabin aikin nata ne. Ta gaji da tsallake doya a gidanta, ranar wata kasuwa ta sa aka ɗaukar mata turmi da tukwane, ta kafa murhu kusa da teburin mijinta, ta fara kirɓa sakwara da miyar gyaɗa da namansa. 'Yan zem, masu haya da babur, su suka fara gano wurin. Wanda ya ci ya gaya wa wani. Ita ce kuma ta riƙa bin gidajen suna da na biki tana ce wa mata, "Uwayenku a can suka yi cefane, me ya same ku?" Matan makarantar Islamiyya suka yi shawara a tsakaninsu cewa ranar kasuwa can za su fara zuwa, abin da suka rasa ne kawai za su nema a cikin gari.

Daga nan abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kafintocin unguwa suka kafa rumfuna da guntayen katako. Wani mai walda ya ba da tsohon kwano. Samari suka haƙa hanyar ruwa don kada filin ya riƙa cika. Manoman ƙauye, mai salla da mai zuwa coci, suka zo da ciyawar rufi. Matan Fulani da suka daina zuwa suka dawo da ƙorensu.

Ranar da sabuwar doya ta fito ina gari, na gani da idona. Salifu ya iso da hantsi. Tun daga bakin hanya ya tarar da tarin doya da kwandunan tumatir da mata suna ciniki. Ya danna ham sau biyu, ba wadda ta waiwayo. Sai ya kashe moton ya jingine shi a jikin bishiya, ya kutsa da ƙafa har rumfar Hajara, ya zauna a benci ya ce a zuba masa. Yaya yana yankan nama, sai ya zaɓi tsoka mai kyau ya miƙa wa matarsa. Bayan mako biyu Salifu da ƙannensa suka bar wa kasuwa filin a rubuce, suka riƙe gefen hanya suka gina shaguna.

Yaya bai yi arziki ba. Rumfarsa ta cikin gari ba ta dawo ba, kuma taurin kansa ya wahalar da iyalinsa fiye da yadda ya taɓa yarda. Shekara huɗu kawai ya yi a sabon wurin.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. 'Ya'yan manoman da ya bi har gona yanzu hoton doya suke turo mini a waya, in zaɓa, a ɗoro mini a mota zuwa Parakou. Shi da sai da aka yi da gaske ya yarda ya riƙe waya, na san zai yi tsaki, sannan ya ce a nuna masa yadda ake yi. Zai yi faɗa a kan ledar da ta cika hanyar ruwa. Zai yi baƙin cikin ɗorawa biyu da iska ta kayar ba a dasa wasu ba. Masu kamyo suna nan ba su fasa ba, kasuwar kuma ba ta zama babba ba. Amma tana ci. Hajara ta tsufa, 'yarsu Zainabu ce ke kan tukwane.

Makon jiya na je gida, na tsaya sayen tumatir wurin wata matashiya mai goyo daga Bariénou. Muna ciniki na tambaye ta ko ta san Garba mahauci. Ta yi tunani, ta ce a'a, a wane layi yake? Na ce ya rasu, shi ne ya hana kasuwar nan tashi. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Tashi kuma, Hajiya? Ai kasuwar nan tun can tana nan."

Na zaci zan ji zafi, sai na ji dariya ta kama ni, hawaye na zuba. Yarinyar ba ta taɓa sanin akwai lokacin da za ta iya rasa inda za ta ajiye kwandonta ba, kuma abin da Yaya ya nema ke nan tun farko. Ta ƙara mini tumatir uku gyara, wai don in daina kuka. Allah ya ji ƙanka, Yaya Garba, ya sa ka huta.