Hoton da na gani a wayar 'yar farina

Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye kusa da Wagini. Ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta mini wannan. A wancan lokacin mijina ya rasu, ni da 'yata kaɗai ne a gida, kuma an san ni da sa ido, ko akuya ba ta shiga zaurena ban san mai ita ba. Yarinyar 'yar farina ce, ba na kiran sunanta, ba na zama hira da ita, kamar yadda muka gada.

Ta karanta kwamfuta a Katsina, ta dawo da aikin gina wa wata ƙungiyar manoma shafi a intanet, inda kowa zai shiga da lambar sirrinsa ya ga bayanansa. Da damina na lura kullum bayan la'asar sai ta hau dutsen bayan gari, wai can ne ake samun sabis. Ta dawo tana tsaki, ko tuwo ba ta gamawa. Sau uku ina leƙawa ta bayanta, sau uku ina ganin fuskar namiji ɗaya a wayar, wani magidanci mai sayar da wake a kasuwar Batsari. Zuciyata ta yanke hukunci. Kunyar ɗan fari ta hana ni buɗe baki in tambaye ta, amma ba ta hana ni ɗaukar mayafi in hau babur zuwa gidan mutumin ba. A gaban matarsa na ce ya fita harkar 'yata. Ya rantse da Allah bai taɓa ganinta ba, na ce ai ɓarawo ma yana rantsuwa.

Da maganar ta iso ga 'yata, ta durƙusa ta kira ni Inna, ta yi mini bayani. Ta ce shafin yana ba duk wanda ya shiga wata alama da wayarsa ke riƙewa, kukis suke ce mata, kamar tsumman da mace ke ɗaura wa ƙwaryarta a wurin injin niƙa. Alamar ce ta rikice, kowa ya shiga sai a miƙo masa ƙwaryar mai waken, wato hotonsa da bayanansa, don shi ma ɗan ƙungiyar ne. Abin da ya sa take ta shiga shafin tana fita tana goge alamar ke nan, tana neman inda kuskuren yake. Ta tambaye ni me ya hana in tambaye ta. Na ce uwa ba ta tambayar 'yar fari irin wannan.

Mutumin ya kai ƙara wurin shugabannin ƙungiyar cewa ana nuna sirrinsa, aka karɓe aikin daga hannun 'yata kwana biyu bayan ta gano matsalar. Zancenta da mai waken kuma ya riga ya zaga har Safana. Kafin a yanke gero ta koma Katsina. Tana bugo waya duk Juma'a, ta gaishe ni cikin ladabi, ta tambayi ƙafata, shi ke nan. Sallah huɗu ke nan ina dafa abinci a ƙaramar tukunya.

Iyaye mata 'yan'uwana, idan kun ga abin da ba ku gane ba a hannun 'ya'yanku, ku haɗiye alkunya ku tambaya a cikin ɗaki. Ni na ji nauyin yi wa 'yata tambaya ɗaya, na je na zubar da mutuncinta a gidan wani.