Mushe Kiyari ya tafi ya bar ƙwai a wuta

Mushe Kiyari, wato Malam Kiyari a faɗar Faransanci, mai gyaran na'urorinmu a gidan rediyo, ya rasu jiya a likitar Gure bayan gajeruwar jinya. Da safen nan labarin ya iske ni a Gidigir. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mu mun san shi da gyara. Matan unguwarsu kuma "Kaza" suke ce masa, yana amsawa.

Dalili kuwa, zabuwa ba ta iya kwanci ba. Sai ya samu mataccen firigo, ya jera masa wasu fararen rezistans masu kama da ƙwayar sukari, ya haɗa da baturi da hasken rana. Aikin rezistans ɗin rage ƙarfin wuta ne, kuma suna zafi sosai. Ya ce mini, "A rediyo wannan zafin asara ne. A nan shi ne uwa." A ƙofar firigon ya sa wani abin murɗawa, irin na ƙara muryar rediyo, da shi yake daidaita ɗumin.

Mata su kawo ƙwai, kowace ta shafa wa nata alama da lalle, su dawo su kwashi ƴan zabbi.

Ganinmu na ƙarshe, na tarar suna musu da matarsa, Ya Fanna. Ta ɗora ƙwai a fatar idonta ta ce, "Malam, ya yi zafi."

"Fanna, ma'auni ba ya ƙarya."

"Ma'aunin naka ya taɓa kwanci?"

Tana shiga ɗaki ya leƙa, ya rage wutar kaɗan, ya dube ni: "Ɗan jarida, wannan ba na yaɗawa ba ne."

Ka yafe mini, Mushe. Yau na yaɗa.

Ya rasu firigon cike da ƙwan mutane, sun kusa fashewa, kuma babu wanda ya taɓa murɗa abin nan sai shi. In ya yi sanyi su mutu, in ya yi zafi su dahu. Da na je gaisuwa ɗazu, na ga an shimfiɗa wa Ya Fanna tabarmar takabarta a gindin firigon. Wani baƙo ya nemi ya zare wayar firigon ya sa salularsa a caji. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ɗana, ka je masallaci, nan akwai masu rai."

Allah ya jiƙan Mushe Kiyari, ya sanyaya makwancinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.

Kafin in fito, Ya Fanna ta ce ta ji ƙwanƙwasa daga cikin wani ƙwai mai alamar lalle biyu. Na kara kunne, ban ji ba. Ta hana a buɗe ƙofar sai gobe.