Murya a Bayan Sito na Huɗu

Cikin duk shekarun da na yi a wannan kamfani namu na masu gadi, ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da manaja ya ajiye mini fayil ɗin Malam Isufu a kan tebur, ya ce in rubuta masa takardar kora ba. Da damina ne, shekarar 2000. Lokacin ina akawun ma'aikata a ofishinmu na Agege, ɗaki ɗaya a saman bene, ƙasanmu shagon mai gyaran fanka.

Bari in bayyana yadda muke aiki a wancan zamani, don ku sababbi ba ku tarar da shi ba. Kowane wurin gadi yana da littafi. Idan mai gadi yana da ƙorafi, sai ya jira sufabaiza, wato mai zagayawa a babur yana duba su, ya faɗa masa. Sufabaiza ya rubuta da Turanci, ya kawo ofis, ni in sa hannu in jefa a fayil. Wanda ya kawo ƙorafi sau uku aka duba ba a ga komai ba, ana ɗaukarsa mai neman gudun aiki, sai a sallame shi. Yawancin masu gadinmu mutanen Nijar ne, ba su jin Turanci ko Yarabanci, sufabaizanmu kuwa, Oga Femi, ba ya jin Hausa. Duk wanda aka samu a kusa shi ne tafinta.

Malam Isufu mutumin Dogon Dutsi ne, dattijo, shekararsa shida tare da mu ba a taɓa kama shi da barci ba. An kai shi gadin rana a wani kamfanin robobi da ya durƙushe, daga shida na safe zuwa shida na yamma. Rahoto uku ne a fayil ɗinsa cikin wata biyu, kuma duka abu ɗaya suke faɗa: mai gadi ya ce aljanu suna magana a bayan sito na huɗu, an duba, babu komai. A ƙasan na ukun Oga Femi ya ƙara da cewa yana zargin mutumin ya fara shaye-shaye.

Da a bara ne, da minti goma ta ishe ni in buga takardar. Amma a shekarar na shiga karatun Asabar a wata jami'a, don an ce ba za a ƙara mini girma ba sai da takardar shaidar karatu. Cikin kwasa-kwasan akwai na dabarun sadarwa a wurin aiki. Na raina shi da farko. Ni da aka haifa a Agege, ina jin Hausa da Yarabanci da Turanci, wa zai koya mini magana? Mai koyar da mu, Dakta Adebisi, tsohuwa ce 'yar gajera mai magana a hankali, har sai an yi tsit ake jin ta. Ranar Asabar ɗin da ta gabata ta rubuta a allo cewa direba ya yi ganganci ya buge mutum, ta tambaye mu wane ɓangare na wannan magana ido ya gani. Muka yi ta gardama. Daga ƙarshe ta ce duk mai kawo maka labari abu biyu yake kawowa a cakuɗe, abin da ya gani ko ya ji, da kuma abin da ya ɗauka shi ne. Na biyun nasa ne, na farkon shi ne aikinka. Ta kuma ce kada ka rubuta komai a kan mutum sai ka maimaita masa maganarsa ya ce haka ne. Sannan ta ba mu aikin gida, kowa ya ɗauko takarda ta gaske daga wurin aikinsa ya gwada.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba tausayi ne ya sa na aika a kira Malam Isufu ba. Aikin gida nake nema.

Ya zo da la'asar, ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya ƙi zama a kujera. Ya rame sosai. Na ce masa na karanta cewa aljanu suna damunsa, amma ba wannan nake tambaya ba, ina so ya gaya mini abin da kunnensa ya ji. Ya ce murya ce, daga ƙasa take fitowa, kullum bayan azahar. Na ce me take cewa?

"Mushe," ya ce, don haka yake kiran duk mai riƙe da biro, "wata biyu ina kawo ƙara. Kai ne na hwarko da ka tambaye ni abin da take cewa."

Ya ce shi kansa bai taɓa tsayawa ya ji ta har ƙarshe ba. A garinsu ba a amsa kiran da ya fito daga ƙasa, don haka da ta fara yakan toshe kunne ya koma bakin get yana addu'a. Abin da ya kama kawai shi ne tana ambaton wani suna, tana cewa a gaya wa wani. Sai ya ƙara da wani abu. Ya ce da farko muryar tana tari, wani lokaci tana kuka. Sai ta yi shiru kwana uku. Da ta dawo, kalmomin suna nan yadda suke, amma muryar ta canja, ba tari, ba kuka, kuma ba haka ɗan Adam yake Hausa ba.

Na maimaita masa duk abin da ya faɗa, ya ce haka ne. Na roƙi manaja ya ba ni kwana ɗaya kafin in buga takardar. Ya ce in dai ba da kuɗin hayar babur na ofis zan je ba, ruwana.

Washegari ƙarfe ɗaya na isa wurin. Ban taɓa shiga ba sai ranar. Ciyawa ta kai ƙugu, an lulluɓe injina da tamfol, ruwan sama yana ɗiga daga rufin kwano cikin wani tsohon duro. Rana tsaka ce, ana jin hayaniyar motocin haya na danfo daga titi, amma da muka zagaya bayan sito na huɗu sai hayaniyar ta yanke. Lungu ne siriri tsakanin sito da wata doguwar katanga mai fasassun kwalabe a kai. Katangar ba tamu ba ce, bayan wani gida ne da ƙofarsa ke kallon wani layi daban. A gindinta akwai bakin bututun ruwa, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, yana zuba cikin kwata. Nan kusa Malam Isufu ya saba yin alwala da sauraron rediyonsa kafin abin ya fara.

Muka yi sallah a bakin get, muka dawo. Shi ya tsaya nesa da carbinsa, ni na tsuguna da littafi da biro. Har ƙarfe biyu da kwata babu komai sai sauro. Na fara tunanin yadda zan tsara takardar korar. Sai na ji ta.

"Sunana Haruna ɗan Malam Idi, daga Unguwar Tsamiya ta ƙasar Gumel. Ku gaya wa babana ina nan. Ban gudu ba."

Ta yi shiru kamar na numfashi uku, ta sake daga farko. Babu gaggawa a cikinta, babu roƙo, kalma bayan kalma kamar mai ƙirga matakala. Ƙafafuna suka ce in tashi, kuma wallahi saura kaɗan in bi su. Na yi sallama da ƙarfi. Na ce Haruna, ina jin ka. Ko gezau, ta ci gaba daga inda take kamar ban yi magana ba.

Abin da ya riƙe ni a wurin shi ne maganar malamar nan, cewa in rubuta abin da na ji kawai. Na fara rubuta kalmomin yadda suke fita. A karo na biyar na lura ba Haruna take cewa ba, Aruna take cewa. Inda Bahaushe zai ja sauti ba ta ja, inda zai sauke murya sai ta ɗaga. Malam Isufu bai san wannan ba, amma ni na girma ina jin sa. Haka maƙwabtanmu Yarabawa suke yi idan suna kwaikwayon Hausar da ba su iya ba.

Na durƙusa cikin ruwan kwatar, na kai bakina kusa da bututun, na tambaya da Yarabanci wane ne a nan.

Muryar ta yanke a tsakiyar kalma. Sai kuka ya biyo, kukan babban mutum da yake ƙoƙarin danne shi. Ya ce sunansa Lasisi. Ya ce su shida ne a ɗaure da sarƙa, in rage murya don mai gidan ya fita kasuwa ne kawai, yaransa suna nan. Na ce ina Haruna? Ya ce Aruna ya mutu, yau kwana goma sha ɗaya.

Na koma ofis da wando jiƙe. Rahoton da na rubuta shafi ɗaya ne, babu aljani a ciki, babu ra'ayina. Lokaci, wuri, kalmomin da na ji da Hausa, waɗanda na ji da Yarabanci, da fassararsu. Manaja ya karanta sau biyu, ya ɗauki makullin motarsa. Muka biya ta wurin dattawan unguwarmu, biyu daga cikinsu suka raka mu caji ofis. Ranar Alhamis da safe aka buɗe gidan.

Wuri ne da mutanen layin suka sani da gidan maganin masu taɓin hankali. Wasu danginsu ne suka kawo su, wasu a titi aka kwaso su. Ba zan kwatanta muku ɗakin ba. An fito da mutum shida da rai, aka kai su asibiti, aka tafi da mai gidan.

Bayan mako guda na je duba Baba Lasisi. Kafinta ne daga Mushin, ya haura hamsin, 'yan'uwansa suka kai shi can bayan rasuwar matarsa. Ya ce a bakin yaran mai gidan ya ji cewa Haruna ɗan ci-rani ne, mai tura kurar ruwa, zazzaɓi ya taɓa masa kai aka tsince shi yana yawo. Da ya warke ba wanda ya gane ya warke, don ba mai jin yarensa a gidan. A kusa da bakin bututun aka ɗaure shi. Wata rana ya ji rediyo yana Hausa a bayan katanga, daga nan kullum mai gida ya fita sai ya kwanta ya yi magana a cikin bututun. Da ƙarfinsa ya ƙare, kwana huɗu ya yi yana koya wa Baba Lasisi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, yana nuna masa bututun da yatsa. Bayan an fitar da gawar, sai da Baba Lasisi ya yi kwana uku kafin aka matsar da sarƙarsa inda bakinsa zai kai.

Da zan tafi ya riƙe mini hannu. "Ɗana," ya ce, "me nake ta faɗa ne?"

Bai taɓa sani ba. Na fassara masa. Ya juya fuskarsa bango, ya ce to, ya isar da saƙon.

Babu wayar hannu lokacin. Na rubuta wasiƙa, dattawa suka ba wani direban motar shanu mai bin hanyar Gumel. Bayan wata biyu ya dawo da amsa da baki. Ashe Haruna ya bar mata da ciki, ya yi alkawarin dawowa kafin shuka, da bai dawo ba sai gari ya ɗauka Legas ta cinye shi ya watsar da su. Direban ya ce da aka karanta wa mahaifinsa wasiƙar a ƙofar masallaci, sai ya sa aka maimaita ƙarshenta, inda Haruna ya ce bai gudu ba, don kowa ya ji.

Ba a kori Malam Isufu ba, amma shi ya nemi a sallame shi a ƙarshen shekarar. Ya ce duk inda ya yi alwala yana jin tarin nan. Na ce masa ba laifinsa ba ne, ya kawo ƙara har sau uku. Na san abin da nake faɗa, don na koma fayil ɗin na duba kwanan watan. Rahoto na farko da na biyu sun zo tebur ɗina Haruna yana da rai. Sa hannuna yana ƙasan kowanne.

Shi ya sa kuke gani har yau ba na barin ƙorafin mai gadi ya shiga fayil sai an kira shi an zauna da shi da yarensa. Mutanen nan su ne idonmu da kunnenmu, suna tsaye awa goma sha biyu a wuraren da ba wanda yake zuwa. Idan tsoro ya kama mutum, da sunan da ya sani zai kira abin, ya ce aljani, ko maye, ko ɓarawo. Kada ku tsaya kuna gardama da sunan, kada kuma ku yi masa dariya. Ku ba shi kujera, ku tambaye shi abin da ya ji, ku yi shiru har ya gama. Ni sai da na kai shekara talatin da huɗu, na shiga aji, kafin in koyi yin wannan tambaya, kuma na makara da kwana goma sha ɗaya.