Saƙon da Ban Bari Ya Isa Kunnen Inna Ba

Kafin abin da zan ba ku labari ya faru, na yi imani da cewa ni mutum ne mai faɗin ƙirji a sha'anin addini. Na ɗauka iya zama da wanda ba addininku ɗaya ba wani ilimi ne, kuma ni na yi wannan ilimin: na yi jami'a, na yi hidimar ƙasa a kudu inda na zauna shekara guda cikin Kiristoci, sannan na dawo gida Talata Mafara na kama aikin malamin gona. Na kuma ɗauka ƙauna aba ce da ke zaune a zuciya, in dai mutum yana jin ta to ya sauke nauyinta. Yau shekarata hamsin, kuma na rubuto muku ne don na gano cewa duk wannan ra'ayi ban taɓa biyan komai a kansa ba, sai rana ɗaya da aka nemi in biya, na kasa.

Hujjata a kan wannan iƙirari mutum ɗaya ce, wato maƙwabcina. Kirista ne, mutumin ƙasar Zuru, makanikin injinan ban-ruwa da manoman rani suka sani tun daga Mafara har Bakura. Ya haura shekara ashirin a unguwarmu, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Akwai wata al'ada da muka saba. Duk Kirsimeti yakan sayi akuya, amma ba ya yanka ta da hannunsa, don yana son naman ya halatta ga maƙwabtansa Musulmi. Ni nake yanka masa. Da sassafe zai wasa wuƙarsa, ya zo ya yi sallama yana tambaya ko limamin awaki ya tashi. Ni kuma in ce masa ya yi a hankali, domin ranar da ya musulunta na rasa muƙamina. Kafin azahar kwanonin shinkafa da nama sun zaga unguwa. Mahaifiyata, wadda duk muke kira Inna, tana zaune a gidana, kuma ita ake ware wa hanta. Shi ma Inna yake ce mata, yakan durƙusa ya gaishe ta, ita kuwa ta yi ta yi masa faɗan ya rame. Da layya nakan aika musu cinya. Sau da yawa na ba da misali da wannan zama namu a wurin taro, ina jin daɗin yadda ake gyaɗa kai.

Ƙanena, autan Inna, fataucin gyaɗa yake yi. Wata ranar kasuwar Maradun ya shiga mota da hantsi kamar yadda ya saba. 'Yan bindiga suka tare hanya suka buɗe wa motocin 'yan kasuwa wuta. Labarin ya iso gari kafin azahar, muka yi ta kiran wayarsa ba ta shiga. Da la'asar sai ga a-kori-kurar maƙwabcina ta tsaya a ƙofar gidana. Ya fito ba riga a jikinsa, jini ya bushe masa har gwiwar hannu. Rigar tana bayan mota, an lulluɓe fuskar ƙanena da ita. Ya ce yana dawowa ne daga gyaran wani inji ya tarar da abin bayan maharan sun janye, ya kwashi waɗanda ya iya kwasa, ya fara sauke masu sauran numfashi a asibiti. Ban tuna ko na gode masa ba. Ina kyautata zaton ban yi ba.

Inna ba ta yi kururuwa ba. Bayan an kai shi makwanci ta kira ni ɗakinta ta yi mini tambaya ɗaya: ko yaron ya samu kalmar shahada kafin ya cika. Na ce mata wanda aka kashe bisa zalunci muna kyautata masa zaton shahada. Ta dube ni ta ce ba fatawa ta tambaye ni ba, malamai sun fi ni saninta. Abin da ya fito daga bakin ɗanta a ƙarshe take son ta sani. Daga ranar wannan tambaya ta zauna a gidanmu, duk wanda ya shigo gaisuwa daga wajen Maradun sai ta yi masa ita.

A zaman makoki ne maganganu suka fara. Maƙwabcina yana zuwa kullum, ya zauna a bakin tabarma, in an shafa addu'a ya sunkuyar da kai. A rana ta farko ba wanda ya ce komai. A ta biyu na fara jin ƙus-ƙus. Wani ya ce abin mamaki ne a ce kowa na juyawa da baya, shi kaɗai ya shiga wurin ya fito ko ƙwarzane babu. Wani ya ce mai yawo ƙauye-ƙauye da sunan gyaran inji ya san duk hanyoyin daji, ya kuma san ranar da 'yan kasuwa ke wucewa. Wani ya ciro waya ya kunna muryar wani mai magana da ke rantsuwa cewa duk wannan bala'i makircin waɗanda ba Musulmi ba ne. Wani kuma abin da ya dame shi shi ne wanda ba ya salla ya taɓa gawar Musulmi. Duk mun san su waye a daji. Sunayensu irin namu ne, wasunsu an san iyayensu. Amma su ba a iya ambatarsu da ƙarfi, don ba ka san wanda ke zaune kusa da kai ba. Shi kuwa ana iyawa.

A rana ta uku, bayan la'asar, maƙwabcina ya matso ya tsuguna a gabana ya yi ƙasa da murya. Ya ce akwai wata magana game da marigayi da yake son ya faɗa mini, ni kaɗai, ko kuma in shigar da shi wurin Inna ya faɗa mata da bakinsa. A gefena baffana ne, ƙanen mahaifinmu, ya yi gyaran murya. Na ji idanun mutane a kaina. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce masa mun gode da ɗawainiya, amma ba mu buƙatar wani bayani daga wurinsa, kuma zai fi kyau ya bar mu mu yi makokinmu irin na addininmu. Sai ya ce Allah Ya ba da haƙuri, ya ɗauki takalmansa a hannu, bai sa su ba sai da ya fita daga rumfar.

Na sha tambayar kaina ko na yarda da zargin da ake masa. Ban yarda ba, ko na minti ɗaya, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Da na yarda, da sai in ce ruɗewa ce ta mai baƙin ciki. Abin da ya faru shi ne na ji tsoron a ce ɗan boko ya fifita abokinsa Kirista a kan jinin ƙanensa. Kuma a can ƙasan zuciyata na ji wani sanyi da na samu wanda zan huce a kansa, mutumin da na tabbata ba zai rama ba. Ya kira ni a waya sau da dama a makonnin da suka biyo baya. Ina ganin kiran, in kife wayar.

Da Kirsimeti ta zo, na ji ƙarar wasa wuƙa ta bayan katanga da safe. Can sai ga sallamarsa. Na ce wa matata ta ce ba na nan, alhali ga motata a ƙofar gida yana kallonta. Ya ce mata ta gaya wa limamin awaki cewa akuya tana jira, maganar nan ma tana jira, kuma ba magana ce ta aike ba. Matata ta dawo ta ce wallahi ita ta ji kunya, in ba zan yi yankan ba in fita in saurari mutumin mana. Na ce mata ba ruwanta. Ya nemi wasu mutum biyu a unguwa, kowa ya kawo uzuri. Har azahar ina jin kukan akuyar. Daga baya na ji bai yanka ta ba, ya ce naman da maƙwabta ba za su ci ba bai ga amfaninsa ba. Manoma suka rage kiransa, yaransa suka fara dawowa daga makaranta da maganganun da aka yaɓa musu. Kafin faɗuwar damina ya loda kayansa a a-kori-kurar nan ya koma garinsu. Inna ta tambayi dalilin da ya sa bai shigo ya yi mata sallama ba. Na ce mata sauri yake yi.

Inna ta rasu a shekarar da ta biyo baya. A jinyarta ta ƙarshe, duk lokacin da hankalinta ya dawo, tambayar nan take maimaitawa. Ni na laƙƙana mata kalmar shahada, ta kuma samu, alhamdu lillahi. Amma kwana biyu kafin nan ta riƙe hannuna ta ce ita ba mutuwar autanta ke hana ta barci ba, rashin sanin yadda ya cika ne.

Bayan rasuwarta da wata bakwai, ina kasuwar Talata sai wani dattijo mai ɗingishi ya tsare ni da ido, ya ce kamannina sun tuna masa da wani. Dillalin shanu ne daga Birnin Tudu. Da muka gaisa, magana ta kai ga ranar nan, ashe yana cikin motar da ƙanena yake. An harbe shi a cinya, ya daɗe yana jinya a Sakkwato wurin ɗansa, bai jima da dawowa ba. Ya ja ni inuwa ya ce zai gaya mini abin da ya gani da idonsa. Ya ce ƙanena bai mutu nan take ba. Mai a-kori-kura ya same shi da sauran rai, ya duba raunin ya ga ba na ɗauka ba ne, sai ya juya shi ta gefen dama ya fuskantar da shi gabas, ya ɗora kansa a cinyarsa. Ya ce masa ya daure ya faɗi abin da ake faɗa. Harshen yaron ya yi nauyi. Sai mutumin ya fara ambaton kalmar da kansa, a hankali, yana maimaitawa, har ƙanena ya bi shi ya kai ta ƙarshe. Daga nan bai sake ce masa komai ba, don kada wata magana ta biyo bayanta. Dattijon ya yi wata 'yar dariya mai ɗaci, ya ce shi da ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi yana kwance a gefe, wayyo kaɗai ke fita daga bakinsa. Ya ce ya ɗauka wani malami ne Allah Ya jefo musu, sai a ƙofar asibiti ya lura da gicciye a wuyansa, don ba riga a jikinsa.

A nan tsaye na gane abin da ya sa maganar ba ta aike ba ce. A irin zafin da gari yake ciki a lokacin, in aka ji Kirista ya furta kalmar shahada, wasu za su ce ya musulunta, su jira shi ranar Lahadi su ga ko zai tafi coci. Wasu su ce izgili ya yi da addini. Ko a cikin mutanensa ba zai rasa masu tuhumarsa ba. In ban da Inna, mutum ɗaya ya amince wa da wannan magana a duk garin, kuma mutumin nan shi ne ya kore shi a gaban jama'a.

Na nemi lambarsa na kira shi. Ya gaishe ni doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambayi Inna. Na gaya masa ta rasu. Sai ya ce shi dai ya so a ce ta ji saƙon nan. Na roƙi gafararsa, ya ce ya yafe tun tuni, Allah ma muna yi masa laifi. Na ce ya dawo, aiki yana nan. Ya ce yara sun saba da can. Tun daga farkon wayar har ƙarshenta Malam yake ce mini. Bai kira ni da sunan nan na tsokana ba, ni ma ban da fuskar da zan tuna masa.

Abin da na koya ba mai daɗin faɗa ba ne. Shekara ashirin ina yanka akuya ina cin yabo, na ɗauka ƙauna ke nan. Shi kuwa ya shiga inda kowa ke gudu, ya taimaki ɗan wani ya cika a kan addinin da ba nasa ba, bai nemi ya ja shi zuwa nasa ba, ya kuma haɗiye maganar alhali ita kaɗai za ta iya sa a daina zarginsa. Ina gargaɗin duk wanda wannan masifa ta taɓa gidansa, kuma a ƙasarmu gidajen suna da yawa: lokacin da kuka zauna makoki, ku lura da wanda fushinku ke nufa. In kun ga ya kauce wa masu bindiga ya nufi wanda ke zaune a bakin tabarma, ku tsaya ku ji abin da ya zo faɗa. Mai yiwuwa abin da tsohuwarku ke jira ne.

Gidansa yanzu wani ne a ciki. Kirsimeti huɗu ke nan ba a yi yanka a unguwarmu ba.