Ladanin Garinmu da Cocin Turawa

A shekarun farin nan abin ya faru. Damina ta zo ta wuce, gero bai kai gwiwa ba ya bushe a tsaye, ta bayanta ma haka ta yi mana. Ƙauyenmu yana gaba da Ungogo kaɗan, inda gona ke jingine da gona, ba daji ba fadama, don haka in ƙasa ta hana, ba wani wurin da za mu juya.

Muna da al'adar ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci zai fito da akushinsa ƙofar masallaci, a haɗa a ci tare, wanda bai kawo komai ba ma ya sa hannu. A shekarun nan akusan suka koma rama da tafasa, wani lokaci da ɗan ƙuli a kai don a ce an yi kwaɗo.

Baffa yayan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya yi mini aure. Magini ne na gado, kuma shi ne ladanin masallacinmu tun kafin in yi wayo. Ba shi da yawan magana, amma in ya ɗaga murya da asuba har ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu ana tashi.

Da bazara ta kama sai ya fara fita bayan asuba, ba ya dawowa sai gab da magariba. Ya ce aiki ya samu a birni. Wanzamin garinmu ya riƙa kira masa azahar da la'asar. Rannan aka buɗe akushin Baffa sai ga tuwon masara rawaya kamar ƙwaiduwar ƙwai, irin wanda ba mu taɓa gani ba.

Wanzami ya leƙa ya ce, "Malam Ladan, wace gonar ce ta haifi wannan?"

Baffa ya ce, "Gonar da ruwa ya sauka. Ci, ko ka matsa wa mai ci."

Aka yi dariya, aka cinye tas. Amma wanzami yana zuwa aski kasuwar birni, kuma kunnensa ya fi askarsa kaifi. Ba a daɗe ba ya dawo da labarin cewa wannan masarar daga ƙasar waje take zuwa, a hannun 'yan mishan take, kuma ba sa ba kowa sai wanda ya ba su wani abu. Bai faɗi ko mene ne abin ba. Kowa ya ƙarasa zancen da kansa. Wasu suka ce akwai abin da ake barbaɗa mata, in ka saba ci zuciyarka ta juya ba ka sani ba.

Sai hannuwa suka fara kauce wa akushin Baffa. Mutum yana jin yunwa, ga tuwo a gabansa, ya miƙa hannu can ya ɗebi rama. Ni ma na ce cikina ne ba daɗi. Baffa ya ga komai. Kullum ya fito da akushin a cike, ya koma da shi an ɗan taɓa gefe.

Liman ya kira ni zaurensa. Ya ce, "Kai ɗansa ne, ba wanda zai ce ƙiyayya ce. Mutumin da ke kiran jama'a salla bai kamata a riƙa ƙus-ƙus a kansa ba. Bi shi ka gano mana inda yake zuwa. In ba komai, bakin kowa ya mutu. In da wani abu, to ladanci ba zai zauna a hannunsa ba."

Na bi shi daga nesa ta turbar da ke ratsa gonaki, har muka shiga unguwar baƙi da ke wajen ganuwa. Ya ratsa ta wata ƙofar shinge, ni kuma na tsaya gindin wata darbejiya a tsallaken titi.

Ban taɓa tsayawa na kalli coci da kyau ba sai ranar. Dogo ne kamar rumfar jirgin ƙasa, da fikafikai biyu da suka fito ta gefe. Gindinsa na jan dutsen marmara ne, an sassaƙe shi daidai wa daida, samansa kuma tubali. Tagoginsa dogaye ne sirara masu tsinin kai. Ta gaba akwai hasumiya mai kusurwa huɗu, da ƙararrawa a cikinta, a ƙarƙashinta kuma wata rumfa mai zurfi da babbar ƙofa. Can na hango Baffa a kan tsani yana ɓamɓare tsohon yaɓe. To, aikin coci yake yi. Na ce bari in ƙara gani.

Da rana ta take tsaka ya sauko, ya ɗauki buta ya yi alwala. Ya shiga rumfar nan ya shimfiɗa buzunsa. Ƙofar a buɗe take. Daga inda nake ina hango cikin ginin har ƙarshensa, inda haske ya sauka a kan wani tebur mai farin ƙyalle, da gicciye na tagulla a kai. Baffa ya tsaya ya miƙe sak da gicciyen nan, ya ɗaga hannu, ya sunkuya, ya kai goshinsa ƙasa.

Ban tsaya ganin sallamarsa ba. Na juya na dawo gida.

Liman ya tambaye ni, "Ina ya fuskanta?"

Na ce, "Gicciyen, Malam."

"Da idonka ka gani, ko gaya maka aka yi?"

"Da idona."

Abin da na gani na faɗa, ban ƙara ko kalma ba. Washegari bayan asuba liman ya riƙe hannun Baffa ya ce masa tafiyar birni na gajiyar da shi, gara ya huta, wanzami ya riƙe kiran gaba ɗaya. Baffa ya dube shi, ya dubi sahu, idonsa ya tsaya a kaina kaɗan. Ya ce, "To, Malam."

Ban yi zaton zai ƙara yi mini magana ba. Sai ga shi da sassafe a ƙofar gidana.

Ya ce, "Tunda ka san hanya, ɗauko kwandonka. Ina neman mai miƙo ƙasa."

Na fara kame-kame. Ya ce, "Na gan ka a gindin darbejiya, ka noƙe kamar kazar da ta ga shaho. Matarka jiya ruwa ta dafa wa yaran nan. Wuce mu tafi."

Na bi shi, amma ba don na yarda da shi ba. Yunwa ce ta tura ni, kuma na ce a raina zan sa masa ido da kyau. Da za mu shiga ƙofar na karanta duk addu'ar da na haddace, na ƙudurta ba zan sha ko ruwan wurin ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki sanyi ne. A waje ƙasa na ƙuna, a ciki kamar ka shiga tsohuwar rijiya. Kaurin bangon ya fi tsawon hannuna. Da na ɗaga kai sai na ga bakuna suna tashi daga bango suna haɗuwa a sama, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, irin na soron sarauta, sai dai nasu sun fi tsini. Tsakaninsu azara ce a jere, baƙa wuluk don tsufa. Gilashin tagogin mai launi ne, yana zubo da ja da shuɗi a kan bencina. Kusa da teburin akwai wata babbar kujerar katako da aka sassaƙa, wadda ba mai zama a kai sai babban limaminsu na duk yankin. Saboda kujerar nan ne ma, in ji Baffa, wannan cocin ya fi sauran daraja.

Ɗaya daga cikin bakunan ne ya tsage. An ɗora wa ginin rufin kwano daga baya, ya riƙa yoyo a wuri ɗaya shekara da shekaru, gara ta bi laima ta cinye azarar da ke ciki. Aikinmu mu tona, mu zare ruɓaɓɓiyar, mu ɗaura sabuwa, mu mayar da ƙasa, sannan mu shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwa cin bango. Da masarar nan ake biyan mu.

Muna aiki Baffa yana ba ni labari a gutsure, ba ya ko kallona. Ya ce zamanin Turawa, da jirgin ƙasa ya iso, akawuna da ma'aikata suka zo daga kudu, da fari a wata bukka suke ibadarsu. Da suka yi yawa aka ce a yi musu gini. Hakimi ya aiko a tara magina da 'yan ɗaukar dutse daga ƙauyuka, ba tambayar ra'ayi. Kakana yana cikin waɗanda suka ɗaura bakunan, Baffa kuwa yana saurayi, a kansa ya ɗauko marmara har gashin tsakar kansa ya zube. Baturen ya so a yi masa baka da dutse irin na ƙasarsu, bai sami masu yi ba, dole ya haƙura da azara da ƙasa, ya ce dai a ƙara tsini. Ƙararrawar a jirgi aka kawo ta, ranar da aka fara kaɗa ta jakuna suka tsinke da kaya.

Akwai wani dattijo mai kula da wurin, mutumin kudu, Hausarsa a karye amma yana jin komai. Duk kwandon ƙasar da na ɗauko sai ya caka sanda a ciki. Na tambayi Baffa me yake nema.

Baffa ya ɗaga murya don dattijon ya ji, ya ce, "Laya yake nema. An gaya masa maginan Hausa ba sa gini sai sun binne laya."

Dattijon ya ce, "Mai gini, ni ba ruwana. Mutane suna magana. Sun ce Musulmi ya shiga bango, wa ya san abin da ya sa?"

Baffa ya ce, "Ka makara, Baba. Wadda ubana ya binne tun ba ka zo garin nan ba, ita ke riƙe muku ginin."

Dattijon ya yi dariya, amma na lura daga baya ya je yana ƙwanƙwasa bango yana kasa kunne. Ashe su ma a tsorace suke da mu.

Da azahar ta yi na yi alwala, na fita tsakar fili don in yi nesa da Baffa da rumfarsa. Na duba rana, na duba inuwata, na daidaita gabas. Da na ɗaga kai, sai ga ni ina kallon ƙofar nan, da gicciyen can a ƙurya. Na matsa gefe, na sake daidaitawa. Ginin yana tafiya ne tare da ni, gefensa a kafaɗata, kansa inda kaina ya nufa. Na zaga baya don in bar shi a bayana, na tarar da kwata da bayan gida, ba wurin sa goshi.

Baffa yana zaune a rumfa yana kallona. Ya ce, "Ka gama zagayen? Ran da za a ja layin ginin nan, Baturen tun duhu ya zo da igiya da turaku, ya jira fitowar rana, ya ce a nan kan ginin zai kalla. Kakanka ya ce, ashe masallaci za mu gina. Su ma gabas suke nema. Ni kuma duk filin nan ba inuwa sai nan."

A gaban buzunsa ya kafa sandarsa, sutura tsakaninsa da abin da ke gaba, kamar yadda kowa ke yi a gona. Wataƙila ranar ma tana nan. Daga gindin darbejiya ban gan ta ba, ko kuma ban neme ta ba. Na yi tawa sallar a rana duk da haka, goshina ya yi bororo.

Da yamma na tafi wajen liman, na zana masa ginin a ƙasa da tsinke, na nuna masa gabas, na gaya masa zancen sanda da na inuwa. Ya daɗe yana kallon zanen.

Ya ce, "Su ma gabas? To me suke nema a gabas?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Sallarsa ta yi, ban ce ba ta yi ba. Amma kai ka ce ka gani da idonka, jama'a sun ji. Yanzu ka je can ka ci tuwonsu, ka dawo da wata magana. Wacce za su ɗauka? Kuma mutumin da ke gyara wa ƙararrawa rufi da rana, ya zo ya kira salla da asuba, zukata ba za su kwanta ba. An riga an ba wani, ba a ƙwacewa haka kawai. Bari mu ga damina."

Na bi mutane ɗaya-ɗaya ina bayani. Wasu suka gyaɗa kai, wasu suka dubi bakina kamar suna neman ragowar masara. Mun gama aikin kafin ruwa ya sauka. Damina ta zo, ta yi kyau, aka cika rumbuna, liman bai sake ɗaga maganar ba, Baffa kuma bai tambaya ba. Na so in ba shi haƙuri, duk lokacin da na fara sai ya aike ni wani abu.

Bai ƙara kiran salla ba har ya bar duniya. Sai dai wanzami bai taɓa iya gane lokaci ba, ko ya yi gaggawa ko ya makara. Don haka Baffa yakan zo da wuri ya zauna jikin bangon masallaci yana duban inuwa. In lokaci ya yi sai ya yi gyaran murya sau ɗaya, wanzami ya miƙe ya sa yatsa a kunne.