Yadda ƙanina ya gaje mini butar gahawa

Shekarun baya, lokacin mahaifina yana da rai, ni ne mai dafa masa gahawa. Kada ku raina wannan muƙami. Mahaifina mutum ne da zai wuni bai ce komai ba sai "to" da "Allah ya kyauta". Amma da hantsi, idan ya karya kumallo ya zauna a zauren gidanmu na Birnin Kudu, finjali ya shiga hannunsa, sai bakinsa ya buɗe. A nan nake jin labarin fataucinsa na hatsi, da yadda direbobin manyan motoci suka koya masa shan gahawa, da rigimar gonar kakanmu ta Zandam. Duk gidan ni kaɗai nake jin waɗannan, kuma ina ji da kaina a kan haka.

Yana da doka guda: wanda ya dafa shi zai fara sha, kuma tare za a shanye butar. Ya ce ba ya shan abin da mai dafawa yake kallo da ido.

Shi finjali biyu yake sha ya kife. Ni kuwa da na ga abin ya karɓe ni, sai na zarce. A wurin aiki na koma wa kofin nan na 'yar leda, ina haɗa biyu a ruwa kaɗan, ba madara, sau tari cikina babu komai. Da la'asar in ƙara wajen mai shayi. Har alfahari nake yi wai ni ba na jin barci. Da ƙirjina ya fara zafi na ce yaji ne. Da hannuna ya fara rawa na ce gajiya ce. Sai ranar da zuciyata ta riƙa bugawa ina tsaye a sahun Azahar, har na kasa gane raka'ar da ake, sannan na kai kaina asibiti.

Likita ya ce gyambon ciki ne, ga jinina ya fara hawa. Ya tambayi abin da nake sha, na faɗa masa rabi, rabin ma ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce in bar gahawa da kofi gaba ɗaya. Na ce ko finjali ɗaya saboda tsoho? Ya ce, "Malam, kai ka riga ka shanye rabonka."

A cikin makon ne aka dawo da ƙanina daga Gwaram, inda yake koyarwa. Yaron da ko ruwan zafi bai iya dafawa ba, sai ga shi gaban kurfoti yana fifita gawayi da maficina. Abin haushin, gahawa ba ta yi masa komai. Zai sha tare da Baba, ya ƙara da sauran na buta, ya miƙe a tabarma ya yi barci har da minshari. Ni kuwa ina cikin gida da kofin kunu, ƙamshin citta da kanumfari yana biyo ni har ɗaki, ina jiyo dariyarsu.

Wata rana ƙanin nawa ya ce mini, "Yaya, ashe Baba ya taɓa kwana a kan bishiya saboda kura?" Na ce eh, tsohon labari ne. Wallahi ban taɓa jinsa ba. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Daga nan na zama malamin kiwon lafiya. Kullum ina cikin yi wa gidan wa'azi a kan illar gahawa, ina karanto musu abin da na gani a waya. Na dami mahaifiyata da cewa shekarun Baba sun wuce na wannan abu, har ta tsorata ta sa baki, ya yarda in kai shi a auna shi. Na goya shi a babur muka tafi. Ina son mahaifina, Allah ya sani, amma da aka naɗa masa abin awo a dantse, so nake allurar nan ta ɗan haura. Ba da yawa ba, daidai yadda za a ce a ajiye buta, kowa ya huta.

Likita ya duba ya ce, "Baba, jininka ya fi na ɗanka kyau." Na yi caraf na ce ai gahawa yake sha kullum. Ya tambayi nawa, kuma yaushe. Da ya ji finjali biyu ne bayan karin kumallo, sai ya ce ya ci gaba da abinsa, a dai riƙa zuwa awo. Ya juyo gare ni ya ce, "Kai fa, ka daina?"

A hanyar dawowa, da muka kusa gida, Baba ya ɗan taɓa kafaɗata ya ce, "Ka yi haƙuri, ban samu ciwon ba."

Saura kaɗan in saki kan babur. Da muka sauka ya ce, "Zauren bai yi mana kaɗan ba. Ka riƙa zuwa da kununka."

Na riƙa zuwa. Ina zama daga gefe, ana labari ina ji. Amma idan Baba zai yi magana, fuskarsa tana wajen mai zuba masa, ni sai dai in tsinci abin da ya faɗo. Haka muka yi 'yan shekaru.

Yanzu cikina lafiya lau, jinina ya daidaita, ina barci kamar kowa. Na kuma gane ba gahawa ce ta kore ni daga wurina ba, rashin sanin iyaka ne. Shi ya sa idan na ga matashi yana yaga leda biyu a kofi ɗaya da sassafe, ba na yi masa zancen asibiti. Ce masa nake ya sha kaɗan don ya daɗe yana sha.

Sai dai kishin bai tafi duka ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba. A ciwonsa na ajali, wata safiya Baba ya buɗe ido muna zaune kusa da shi, ya ce, "Ina mai gahawata?" Mu biyu muka miƙe a tare. Ya dube ni da murmushi, sannan ya miƙa wa ƙanina hannu. Na koma na zauna, na ce wa ƙanin nawa kada ya cika citta.